Fim ɗin Kawu: yadda muka kwashe aikin da bai ƙare ba daga Final Cut Pro 7 zuwa sabuwar manhaja a Jidda

Ranar da Kawu ya tashi daga Sabil, abin da ya fara ɗorawa a mota kwamfutarsa ce, doguwar Mac Pro ɗin nan mai jikin alminiyon da mariƙi sama da ƙasa, ƙirar 2010. Bayanta sai diski uku na waje da kwalin madara cike da ƙananan kaset. Lokacin rusau ne, wanda mutanen gari ke kira hadad, da aka fara a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021 aka ci gaba da shi cikin 2022. Ya ci Sabil da Karantina da Gulail da Kandara da wasu unguwannin da Hausawa suka daɗe a cikinsu. Gidan da Kawu ya kama daga baya ɗaki biyu ne, babu wurin ajiya, don haka kayan suka sauka a gidanmu, suka yi sama da shekara biyu a sito suna shan ƙura.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata, tunda a nan namiji ba ya shiga zauren mata da kyamara, kuma da kaina nake tace abin da na ɗauka a MacBook, da Final Cut Pro na yanzu. Wata rana Kawu ya dawo daga jana'iza a Makka, ya same ni ina aiki, ya zauna ya yi shiru na ɗan lokaci. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, wannan shi ne na goma sha ɗaya. Saura uku. In muka ƙara jinkiri, babu ko ɗaya cikin waɗanda suka yi magana a fim ɗin nan da zai gan shi."

Abin da ke cikin diskin

Tsakanin 2011 da 2012 Kawu ya zauna da dattawa 14, maza da mata, a Jidda da kuma Shara Mansur da Misfala a Makka. Dukansu ta ƙasa suka zo suna yara, ko kuma a hanya aka haife su. Suna ba da labarin fitowa daga Kano da Sakkwato da Borno, a ratsa Cadi ta Abeshe, a shiga Sudan ta Junaina da Fashir da Ubayyid, a tsaya aikin auduga a Jazira har a tara guzuri, wasu su yada zango a Mai Wurno a bakin kogin Nilu, daga ƙarshe a tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin. Tafiya ce ta shekaru. Wannan shi ne dogon fim ɗin, kuma Kawu ya tsaya da shi a yankan farko mai awa 2 da minti 40. Akwai kuma gajere mai minti 18 kan saukar Alƙur'ani a wata makarantar allo da ke Sabil, wanda ya kusa ƙarewa. A 2013 rashin lafiyar kakata da canjin aiki suka haɗu masa, ya rufe kwamfutar da niyyar dawowa bayan wata biyu.

Abu na farko da na yi shi ne kwafo fayil ɗin aikin zuwa MacBook ɗina na danna shi. Bai buɗe ba, kuma babu yadda zai buɗe. Final Cut Pro 7 ya fito a 2009. A watan Yunin 2011 Apple ta fito da Final Cut Pro X, wanda aka gina daga tushe, kuma ba ya karanta fayil ɗin aikin tsohon. Tsohon manhaja ce mai bit 32, wato tsohon tsarin gina manhaja. Daga macOS High Sierra na 2017 ta daina buɗewa, Catalina na 2019 ya rufe ƙofa ga duk manhajojin bit 32 da wasu tsofaffin nau'ukan bidiyo na zamanin QuickTime 7, sannan kwamfutocin Apple da suka fara zuwa da sabuwar ƙwaƙwalwa mai suna M1 a 2020 ba a iya sa musu tsohon macOS ko kaɗan.

Ga wanda bai saba ba, fayil ɗin aiki kamar littafin awon tela yake. Babu yadi a cikinsa, sai bayani: ɗauko kaset kaza daga minti kaza zuwa minti kaza, ɗora shi a nan, rage sautinsa, haɗa shi da na gaba. Babbar hanyar da wata manhaja za ta karanta wannan littafin ita ce a fitar da shi a matsayin XML, wani nau'in fayil ɗin rubutu da manhajoji ke musayar bayani da shi, kuma Final Cut Pro 7 ne kaɗai zai fitar da shi. Ke nan duk aikin ya rataya a kan kwamfutar da ke sito.

Kuskuren da ya kusa rufe mana hanya

Da muka jona ta, ta ƙi tashi, sai hoton folda mai alamar tambaya yana ƙyaftawa. Ƙanena ya kai ta wani shagon gyara. Mai gyaran ya yi abin da yake ganin alheri ne: ya sa sabon diski mai sauri, ya ɗora High Sierra, ya kwaso manhajojin daga tsohon diskin, ya ce yanzu ta zama sabuwa. Laifin namu ne, domin babu wanda ya gaya masa dalilin da ya sa muke son ta tashi. Da ta dawo gida na ga tambarin Final Cut da da'ira da sanda a kansa, alamar ba zai buɗe ba. Gabana ya faɗi. Na tambayi ƙanena ina tsohon diskin, ya ce yana cikin leda a mota, mai shagon ya ce a jefar.

Wannan ledar ce ta cece mu. Diskin yana karantuwa jefi-jefi, don haka ban yarda mu tashi kwamfutar da shi ba. Muka sayi wani diskin, muka kwafe shi ɗungurungum, aka kwana ana yi. Da safe na kunna kwamfutar ina danne da maɓallin zaɓin diski, na zaɓi kwafin, sai ga Snow Leopard, tsohon tsarin da Kawu ke aiki da shi, ya fito da hoton da Kawu ya bari a allo shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Final Cut ya buɗe. Nan take na zare wayar intanet daga bayanta, na manna takarda a jikinta da Larabci da Hausa cewa kada kowa ya sabunta komai. Duk wanda zai kai irin wannan kwamfutar gyara, ya faɗa wa mai gyaran tun a bakin ƙofa cewa tsohon tsarin ake so ya dawo yadda yake, kuma a ba shi duk abin da aka cire daga cikinta.

Kafin na buɗe ko aiki ɗaya, na kwafe diskin waje guda ukun zuwa sababbi guda biyu. Masu tsohuwar wayar jonawa ta FireWire ne, ɗaya gidansa ya mutu, muka kwance shi muka zura diskin a ɗaya daga cikin ramuka huɗu da ke cikin Mac Pro ɗin, ya karantu lafiya. Duka kayan sun kusa terabayit 3. Cikinsu akwai foldar renda mai gigabayit kusan 400, wato guntayen da manhajar ke dafawa ta ajiye don hoto ya riƙa tafiya ba tare da sarƙewa ba. A sana'armu renda shara ce, duk lokacin da wuri ya cika ita ake fara gogewa, don ana iya sake yin ta. Na ce wa Kawu zan bar ta. Ya ce, "Kwashe komai. Ba mu san abin da ya rage ba tukuna." Na kwashe ba don na gamsu ba. Zan dawo kan wannan foldar.

Haɗa hoto da wurinsa

Da aikin ya buɗe, rabin layin aikin, wato inda ake jera guntayen hoto da sauti bi da bi, ja ne, manhajar na cewa ba ta ga hotunan ba. Wannan ba abin tsoro ba ne, wuraren ajiya ne suka canza, nuna mata kawai ake yi. Hirarrakin da aka ɗauka da kyamarar Sony mai kaset ɗin HDV ba su ba mu wahala ba, domin kowanne yana ɗauke da sunan kaset da lambar lokaci. Matsalar tana wajen hotunan tituna da kasuwa da bakin teku, waɗanda Kawu ya ɗauka da aron Canon 5D Mark II. Ita wannan kyamarar sunayen fayil ɗinta MVI ne da lamba, kuma mai ita ya saita ta tana komawa farko duk sanda aka share kati. Sai ya zama akwai MVI_0012 guda uku, na ranaku daban-daban. Na bar manhajar ta nemo da kanta, ja ya ɓace, na ɗauka an gama.

Kawu ne ya gano. Muna kallon wurin da wata tsohuwa take ba da labarin daren da suka shiga jirgin ruwa, mahaifiyarta ta ɗaure ta a baya da zani biyu don tsoron igiyar ruwa, sai ga kasuwar tumaki a allo. Ya ce, "Tsaya. A nan teku na sa." Da ni kaɗai ce, da na ɗauka wani zaɓi ne nasa na wuce, kuma da kuskuren ya bi mu har sabuwar manhaja inda gano shi zai fi wuya. Muka warware haɗin duka, muka sake yi rana-rana, folda-folda, yana zaune kusa da ni. Bayan nan muka ba kowane guntu suna na kansa a cikin manhajar, muka sa ita ta canza sunan fayil ɗin ya dace. Ba a canza suna daga waje, domin haɗin zai sake tsinkewa. Wannan kaɗai ya ci mana dare shida.

Wanne za a kwashe, wanne za a bari

A nan muka yi saɓani da Kawu. Shi yana ganin tunda kwamfutar ta tashi, a ƙarasa duka biyun a kanta. Ni kuma da farko so nake na kwashe duka biyun na huta. Da na zauna na duba kowanne, sai na ga kowannenmu ya yi daidai a fim ɗaya.

Gajeren ya riga ya sha ado. An gyara launinsa, an yi masa rubutun buɗewa da manhajar Motion, akwai wuraren da aka rage gudun hoto. Abin da ya rage sunayen ƙarshe ne da daidaita sauti. Irin waɗannan abubuwan su ne ba sa tsallaka XML lafiya, don haka kwashe shi na nufin rushe aikin sati uku don a yi na kwana uku. Muka ƙarasa shi a inda yake cikin kwana huɗu. A nan ne ma na gano wani abu. Kawu ya daɗe yana cewa yana da kwafin gajeren da ya fitar a 2013, amma da na duba fayil ɗin ƙarami ne ƙwarai, kuma a MacBook ɗina ba ya nuna hoto. Wajen fitar da fim a Final Cut Pro 7 akwai ɗan akwatin da ake dannawa don fim ya tsaya da ƙafarsa. In ba a danna ba, abin da ke fitowa manuni ne kawai da ke jingine da asalin hotunan da renda. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da manuni yana zaton fim ne. Duk mai tsofaffin ayyuka ya duba girman fayil ɗin da yake kira na ƙarshe.

Dogon kuwa yanka ne zalla, babu ado sai kaɗan, kuma aikin watanni ne a gabansa kafin ya sauko zuwa awa ɗaya da rabi. Ban yarda na ɗora watanni a kan kwamfutar da ta haura shekara goma, wadda ba mu da madadinta in ta sake kwantawa ba. Ga kuma sauti. Yawancin hirarrakin a ƙananan ɗakuna aka yi su, mukayyif na taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ruri, kuma tun 2022 sabon Final Cut yana da abin ware muryar mutum daga hayaniya. Na gwada wa Kawu a kan minti ɗaya na muryar wani dattijo da ya rasu. Ya saurara sau biyu, ya ce, "To, kwashe shi."

Abin da muka yi kafin mu taɓa XML

Wannan ɓangaren ne nake ganin ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne mutane ke tsallakewa don ɗoki. Muddin tsohuwar kwamfutar tana numfashi, a tatse duk abin da ita kaɗai za ta iya bayarwa.

Na fara da fitar da yankan Kawu gaba ɗayansa a ProRes 422, nau'in bidiyo mai inganci, mai tsayuwa da ƙafarsa, da lambar lokaci rubuce a kusurwar hoto. Shi ne shaidarmu, duk gardamar da za ta taso daga baya shi zai raba. Na fitar da sauti layi-layi, murya daban, sautin wuri daban, waƙen bege daban. Na ɗauki hoton allon layin aikin daga farko zuwa ƙarshe, na kuma fitar da jerin guntayen da bayanan da Kawu ya rubuta a kansu a fayil ɗin rubutu. Sannan na kwafi layin aikin na yi wa kwafin shara. Inda ya cusa wani layin aiki cikin wani, na warware shi. Guntayen da ya kashe ya bari a sama don ko zai dawo musu, na kwashe su zuwa wani wuri. Layukan hoto daga tara suka koma huɗu.

Sai kaset. Fayilolin kaset na 23 da na 31 ba su cikin kowane diski. Abin da ya taimaka shi ne Kawu mutum ne mai rubutu: yana da littafi da ya jera lambar kowane kaset da ranar ɗauka da sunan mai magana, kuma lambar da ke littafin ita ce ke jikin kaset, ita ce kuma ya shigar a manhajar. Saboda haka Final Cut 7 ya san daidai wurin da zai nema. Kyamarar Sony tana aiki, muka wanke kanta da kaset ɗin wanki, muka jona ta da FireWire. Na 23 ya shigo tsaf, ya zauna a gurbinsa kamar bai taɓa ɓata ba. Na 31 ya sha laimar Jidda. HDV a dunƙule yake ajiye hoto, firem 12, wato hotuna 12 a jere, a ƙulli guda, shi ya sa ɗan tabo a kaset kan tafi da kusan rabin daƙiƙa. Mun sami mafi yawan hirar, amma akwai wurare bakwai da hoton ya daskare.

Ragowar abu ɗaya ne ya ƙi samuwa ko ta ina: wani guntu na Canon mai daƙiƙa 41, Kawu yana tafe da kyamara cikin lungunsu a Sabil bayan la'asar. Babu kaset, katin kuwa an share shi tun 2012. Lungun kansa yanzu fili ne. Na kwana biyu ina bincike, sai na tuna ya taɓa gyara hasken wannan guntun, wanda ke nufin manhajar ta dafa shi ta ajiye. Fayilolin renda na Final Cut 7 bidiyon QuickTime ne, ana iya buɗe su ɗaya-ɗaya, sunayensu dai ba sa faɗin komai, sunan layin aiki ne da FIN da lambobi. Na jera su bisa girma, na ware waɗanda za su kai daƙiƙa 40, na fara buɗewa. A na sittin da wani abu na same shi. Tun daga ranar ban sake goge renda na aikin da ban gama ba.

Tsallakawa

XML na tsohon da na sabon suna ne kawai ya haɗa su, sabon Final Cut nasa FCPXML ne. Tsakaninsu sai da tafinta, kuma wanda aka sani shi ne SendToX na kamfanin Intelligent Assistance, wanda a da ake kira 7toX. Premiere Pro da DaVinci Resolve suna karanta tsohon XML ɗin kai tsaye, kuma tsarin layukansu ya fi kama da na Final Cut 7. Wanda hannunsa bai saba da wata manhaja ba, zan ce ya fara gwada Resolve, tunda akwai na kyauta. Ni na zaɓi Final Cut saboda a nan hannuna yake da sauri, kuma ni zan zauna da fim ɗin.

Na fara da minti biyar don gwaji, na ga irin ɓarnar da za a yi, sannan na tura sauran kashi-kashi, kowace hira daban. Yanka ya tsallaka, narkewar hoto cikin hoto ta tsallaka, yawancin matakan sauti da alamomin da Kawu ya sa sun zo, akwatunan da ya jera guntaye a ciki sun zama tarin kalmomin nema. Gyaran launi bai zo yadda yake ba, kuma ban damu ba tunda dama zan sake shi. A hirarraki uku da aka ɗauki sauti da rikoda daban, baki da murya sun ɗan rabu, na mayar da su da tafin da Kawu ke yi a farkon kowace ɗauka.

Yadda na tantance kuwa, na ɗora fim ɗin shaida a saman layin aikin, na rage kaurinsa zuwa rabi, na bi yanka bayan yanka. Inda biyun suka dace hoto ɗaya ake gani, inda suka saɓa sai ya zama biyu. A nan wata matsala ta fito wadda asalinta wutar lantarki ce. Wutar Saudiyya mai bugu 60 ce a daƙiƙa, ta Najeriya 50. Sony ɗin Kawu firem 25 take ɗauka a daƙiƙa, wanda ya dace da wuta mai bugu 50, kuma a ƙarƙashin wasu fitilu hoton yakan yi rawa, shi ya sa a wasu ranakun ya saita Canon a 29.97, wanda ya dace da bugu 60. Layin aikin 25 ne, don haka dole a zubar da wasu firem, kuma kowace manhaja da yadda take zubarwa. Sakamakon shi ne bakin yanka ya goce da firem ɗaya ko biyu a wurare da yawa. A hoton titi ba a lura. Inda aka yanka daidai rufe ƙofa ko ɗaga hannu, ana gani, kuma waɗannan na gyara da hannu.

Rubutun ƙasan allo ya zo da nasa labarin. Yaranmu da aka haifa a nan sun fi karanta Larabci, don haka Kawu ya fassara maganar dattawan zuwa Larabci. A lokacin haruffan Larabci kan rarrabu su juya baya a manhajojin tace bidiyo, sai ya bi doguwar hanya, ya yi kowane layi a Photoshop a matsayin hoto. Waɗannan duka sun tsallaka ba tare da ko ɗigo ya motsa ba. Na Hausa ne suka lalace, wato sunayen wurare da fassarar inda dattawan suka juya zuwa Larabci ko Fulatanci. Ya rubuta su da tsohon salon haruffan Hausa irin na kafin Unicode, wanda ke ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan wasu maɓallan. A sabuwar kwamfuta ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓangare ya koma ~angare. Sa tsohon salon a MacBook zai rufe matsalar a ido, amma za ta dawo ranar da aka ɗora fim ɗin a YouTube. Muka zaro rubutun zuwa fayil daban, muka musanya alamomin da haruffan gaskiya, muka mayar da shi SRT, wato fayil ɗin rubutun ƙasan allo mai zaman kansa. Na Larabcin ma ƙanena yana sake buga su a hankali, don a iya kunna su ko a kashe.

Abu na ƙarshe da na yi shi ne kashe sabuntawa ta kai tsaye a MacBook ɗin. Sabon Final Cut ma idan ya sabunta yakan nemi ya ɗaga ma'ajiyar aiki, kuma wadda aka ɗaga ba ta buɗuwa a na baya. Na ajiye kwafin manhajar da na ma'ajiyar, kuma kowane ƙarshen mako ina fitar da FCPXML da fim ɗin shaida na inda muka tsaya. Diski ɗaya yana gidanmu, ɗaya yana gidan yayata a Makka.

Inda muke yanzu

Daga ranar da kwamfutar ta tashi zuwa ranar da na ce yankan Kawu ya zauna daidai a sabuwar manhaja, sati bakwai ne, yawanci bayan isha'i, ban da ranakun da nake da biki. Fassarar XML ɗin kanta ba ta kai awa ɗaya ba a cikin wannan. Fim ɗin ya sauko zuwa awa 1 da minti 52. Gajeren mun riga mun tura wa malamin makarantar, wanda ya koma wata unguwa da ɗalibansa. Jikokin tsohuwar nan mai labarin jirgin ruwa sun ji labari, suka roƙi hirarta gaba ɗaya ba yankakkiya ba, muka ba su, kuma yanzu muna shirya wa kowane gida cikin 14 ɗin nasa.

Guntun lungun yana minti na tara. Tunda daga renda ya fito, launin da Kawu ya ba shi a 2012 ya zauna a jikinsa, kuma a daƙiƙa shida na ƙarshe akwai layin fassarar Larabci da ya manne a hoton, ba ya ciruwa. Na bar shi, na daidaita sauran rubutun da tsayinsa. Ranar da na nuna wa Kawu, ya sa na maimaita sau huɗu yana nuna ƙofofi da yatsa, nan gidan mai waina, nan shagon tela, nan inda ake shimfiɗa tabarma a sha ruwa da azumi. Na kunna rikodar wayata ba tare da na katse shi ba, kuma ina tunanin muryar tasa za ta hau kan hoton.

Mac Pro ɗin tana nan ƙarƙashin teburina da takardarta a manne. Wani abokin Kawu a Makka yana da irin kyamarar Sony ɗin nan wadda ba ta sha aiki ba, ya ce zai aiko da ita ranar Juma'a mu sake gwada kaset na 31, ko kanta zai karanta wurare bakwai ɗin da tamu ta kasa.